Daga Guangzhou Zuwa Sabon Gari: Yadda Muka Bi Kwantenarmu a Lokacin Guguwar Teku

Sana'ata sayar da injinan ban ruwa da tiyo da kayan gyaransu a Sabon Garin Zariya. Kasuwarmu ta lokaci ce. Da ruwa ya ɗauke a Oktoba, masu lambu na bakin kogin Galma da na Hunkuyi da Soba da Shika suke fara shigowa, mai neman injin inci biyu da mai neman na inci uku, kowa na sauri ya yi dashen tumatir da albasa ko ya zuba alkama kafin sanyi ya wuce. Wanda kayansa suka iso a Janairu, rabinsu sai baɗi. A 2024 muka yi odar kwantena guda daga Chana da sunanmu, maimakon saro wa a Kano ko Legas yadda muka saba. Na rubuta abin da ya gudana ne domin 'yan'uwa 'yan kasuwa da ke shirin yin haka, saboda a duk ofisoshin da muka shiga an yi mana bayanin takardu da kuɗi, amma babu inda aka ce mana teku ma yana da watannin da yake fushi, kuma ana iya duba hasashensa a waya daga nan Zariya, kyauta.

Mu uku ne muka haɗa jari. Babbanmu, wanda muke kira Yaya Alhaji, shi ke da kamfani mai rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC da lambar haraji ta TIN, don haka da sunansa aka yi komai. A watan Yuli masana'anta ta turo takardar farashi ta farko, muka ɗauke ta muka nufi banki a unguwar PZ domin buɗe Fom M, takardar neman shigo da kaya daga waje, wanda in babu shi kwastam ba za su ma saurare ka ba. Mun zauna a benci tun hantsi har aka kira azahar kafin ma'aikaciyar sashen cinikin ƙasashen waje ta gan mu. Ta duba takardar sama da ƙasa ta ce, "Alhaji, ina shaidar inshora? Ina takardar SONCAP ta kayan?" Ba a buɗe fom sai da su. Ta farko daga kamfanin inshora na cikin gida ake karɓa, ta biyu kuwa masana'anta ce ke nema a can ta turo, shaida ce cewa kayan sun cika ƙa'idar hukumar tabbatar da ingancin kaya ta SON. Da muka kawo su kuma aka dawo mana da fom ɗin, wai bayanin kayan da ke takardar farashi bai yi daidai da lambar rukunin kaya ta kwastam da aka shigar ba. Sai da masana'anta ta sake rubuto takardar. Duk wannan kai da kawo ana yin sa ne dala ta haura naira 1,500, kullum gari ya waye da sabon farashi, saboda haka kowane jinkiri kuɗi ne yake fita daga aljihu.

Ofishin inshora ba mu daɗe a cikinsa ba, amma a nan Yaya Alhaji ya yi tambayar da ta fi kowace amfani. Matashin da ke teburin har ya fara cike mana mafi arha, wadda yawancin masu shigo da kaya ke karɓa don kawai banki ya buɗe musu fom. Yaya ya ce, "Tsaya samari, in ruwan teku ya shiga kwantenar ya jiƙa injinan, wannan takarda za ta biya?" Ya ce a'a. Ashe matakai uku ne, A da B da C. Ta C tana biya in jirgi ya kama da wuta, ko ya nutse, ko ya kife, ko ya yi karo, ko aka zubar da kaya da gangan don a ceci jirgin. Ta B ta ƙara da shigar ruwan teku cikin kwantena da kuma igiyar ruwa ta share kaya daga saman jirgi. Ta A ce mafi faɗi, har sata da fashewa tana ɗauka. Bambancin kuɗin da ke tsakaninsu bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da kuɗin kayan, don haka muka ɗauki A.

Agusta ya tafi a jiran masana'anta. Ejan ɗinmu Bahaushe ne da ya daɗe a Guangzhou, shi ya karɓi injinan a sitonsa, ya haɗa da tiyo da kayan gyaran da muka saya a wasu wurare, ya turo mana bidiyo ana jera kwalaye har bakin ƙofar kwantena. Ya ce ya sama mana gurbi a jirgin da zai tashi a makon farko na Satumba, kuma tafiyar ba ta wuce wata ɗaya da rabi zuwa Legas. Da wannan lissafi na karɓi kafin alƙalami daga hannun manoma da dama, na ce musu in Allah ya yarda farkon Nuwamba kowa zai ɗauki injinsa. Muna cikin wannan sai ga saƙon murya da sassafe: "Alhaji, a yi haƙuri, guguwa ce ke tahowa, an rufe ƙofar tasha, motar da ta ɗauki kwantenarku ba ta samu shiga ba." Abokin haɗinmu na uku bai ɓoye abin da ke ransa ba. Ya ce ya sha jin irin wannan, mutum ya juya kuɗinka ya ce maka iska ce. Ni ma zuciyata ba ta kwanta ba. Mutumin da bai taɓa ganin teku ba, yana zaune sama da kilomita 800 daga Legas, ta ina zai gane gaskiya daga ƙarya? Ranar ko abincin rana ban iya ci ba.

Akwai wani dattijo da muke salla tare a Tudun Wada, ya yi ritaya daga aikin duba yanayi, yawancin shekarunsa a filayen jirgin sama ya yi su. Bayan la'asar na tsaya na gaishe shi, na ce, "Baba, wata matsala ce ta kawo ni." Ya saurara har na gama, ya sa tabarau, ya ce in buɗe shafin hukumar yanayi ta Japan a wayata. Muka zauna a kan dakalin masallaci, yana riƙe da wayar nesa da fuskarsa, yana jan taswira da ɗan yatsa. Sai ga wani farin dunƙulen gajimare a Tekun Kudancin Chana, zagayayye kamar faifai, da ɗan baƙin rami a tsakiya. Ya ɗora farce a kan ramin ya ce, "Wannan ne idonta. In ka ga ido ya fito sarai haka, ta ƙosa. Ɗana, mutuminka bai yi maka ƙarya ba." Sunanta Yagi. Ta ratsa arewacin Filifins a farkon watan, ta faɗo cikin ruwa mai ɗumi ta ƙara ƙarfi cikin sauri. A gabanta an ja layi zuwa yamma, da da'irori a jere, kowace ta fi ta bayanta girma. Na ɗauka girman guguwar ne ke ƙaruwa. Baba ya ce ba haka ba ne, da'irar tana nuna inda ake sa ran tsakiyar guguwar za ta kasance a wannan lokacin, da yiwuwar kashi 70 cikin ɗari, kuma tana faɗaɗa ne saboda hasashen jibi bai kai na gobe tabbas ba, na kwana 5 kuwa ya fi su duka rauni.

A zaman nan ya koya mini abubuwan da har yau nake aiki da su. Irin wannan guguwa ba ta tashi sai a kan ruwan da ɗuminsa ya kai wajen digiri 26 da rabi, domin tururin ruwan ne abincinta, shi ya sa take mutuwa in ta hau tudu. In iskarta ta kai kilomita 63 a sa'a ake raɗa mata suna, in ta kai wajen 119 ta zama cikakkiyar mahaukaciyar guguwa. A shafukan hasashe sau da yawa za ka ga kt a gaban lamba, ma'aunin gudun jiragen ruwa ne, ninka lambar biyu ka rage kaɗan ka sami kilomita. Lokacin da suke rubutawa kuma UTC ne, wato agogon da duniya ke auna lokaci da shi, agogon Najeriya ya fi shi da sa'a 1, na Chana ya fi namu da sa'a 7. Sannan kowane yankin teku da cibiyar da aka ɗora wa alhakinsa a ƙarƙashin hukumar yanayi ta duniya: Tokyo ke kula da yammacin Fasifik da Tekun Kudancin Chana, New Delhi ke da arewacin Tekun Indiya, ofishin Faransa da ke tsibirin La Réunion ke da kudu maso yammacinsa, Miami kuma ke da Atlantika. Sojojin Amurka ma suna da cibiyarsu a Hawaii, JTWC, kuma lambarsu takan ɗara ta Japan a kan guguwa guda, domin su suna auna matsakaicin iska na minti 1 ne, Japan na minti 10. Ya ce kada wannan ya ruɗa ni, in zaɓi guda in riƙa bin ta.

Ranar 5 ga Satumba Hong Kong ta ɗaga alamar gargaɗi mai lamba 8, wadda ke sa a rufe makarantu da ofisoshi. Ranar 6 Yagi ta afka wa tsibirin Hainan, washegari ta shiga arewacin Biyetnam inda ta yi mummunar ɓarna, ambaliya da zaftarewar ƙasa suka kashe ɗaruruwan mutane. Allah ya kyauta. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, tsakiyarta ba ta bi ta kan tashar da kayanmu suke ba, to me ya sa aka rufe? Baba ya ce iska mai ƙarfi tana kaiwa ɗaruruwan kilomita daga idon, kuma dogayen ƙugiyoyin da ke ɗaga kwantena ana tsayar da su tun iska ba ta yi kusa da ƙarfin guguwa ba. Ana ɗaure kwantenonin da ba kowa a ciki don kada iska ta watsar da su, manyan jirage kuma a ce su fita daga tasha su nemi inda za su fake, domin jirgin da ke ɗaure a jikin kankare ya fi na tsakiyar ruwa shiga haɗari. Rufewar kanta gajera ce. Abin da ke biyo bayanta ne ke cin lokaci. Jirgin da aka sama mana gurbi ya makara, ya loda abin da ya riga ya shiga tasha ya wuce, aka tura tamu zuwa na gaba. Na gaban kuma ya zo a cike, domin kowa na rububin fitar da kaya kafin hutun ƙasa na Chana da ke farawa 1 ga Oktoba ya ɗauki mako guda. Ana cikin haka wata guguwar, Bebinca, ta bugi Shanghai ranar 16 ga watan, ta sake hargitsa jadawalin jiragen da ke farawa daga can su gangaro kudu. Sai a kashi na ƙarshe na Satumba kwantenarmu ta hau jirgi. Muka biya ƙarin kuɗin mota da na ajiya da ba su cikin lissafinmu, ejan ya turo hoton takardar lodin jirgi, mai ɗauke da sunan jirgin da lambar kwantena.

Na koma ofishin inshora na tambaya ko akwai abin da za su yi mana a kan wannan jinkiri, tunda A muka ɗauka. Matashin ya buɗe takardar ya nuna mini sakin layin: asarar da jinkiri ya jawo ba ta cikin abin da ake biya, a A ɗin da B da C duka, ko da guguwa ce ta jawo shi. Daga nan na fara kiran manoma ɗaya bayan ɗaya. Wani dattijo daga Dakace ya zo har shago a kan kekensa, ya zauna ya sha ruwa, ya ce, "Alhaji, ban ce ka ci amanata ba. Amma reno ba ya jira, in ya wuce lokacin dashe shi ke nan." Na ƙirga masa kuɗinsa na ba shi, ya je ya saya a wani shago. Wannan ya fi ƙarin kuɗin mota yi mini ciwo, domin mutum ne da ya shekara da shekaru yana sayayya a wurina.

Da sunan jirgi a hannu, ɗan Baba ya sa mini manhajar MarineTraffic da ta Windy. Ta farko tana nuna inda jirgi yake, ta biyu tana nuna iska da igiyar ruwa da launuka, kana jan lokaci gaba ka ga hasashen kwanaki masu zuwa. Na ga jirginmu ya gangaro ya tsaya a Singafo, ya bi mashigin Malaka ya fita. Bayan nan sai ya tsaya cak a wuri guda a taswira, kwana da kwanaki bai motsa ba. Na kasa barci. Da asuba na tari Baba a ƙofar masallaci. Ya yi murmushi ya ce, "Duba ƙasan hoton, yaushe aka rubuta an ji shi na ƙarshe?" Ashe na'urar da jirgi ke sanar da inda yake, eriyoyin bakin teku ne ke kama ta, in ya yi nisa da tudu sai tauraron ɗan'adam, wannan kuma sai wanda ya biya kuɗi ake nuna wa. Jirgin na tafiyarsa, wayata ce ta daina jin sa. Ya kuma kwantar mini da hankali da cewa kusa da layin da ya raba duniya biyu, wajen digiri 5 ta kowane gefe, wannan guguwa da wuya take tashi, domin juyin duniya da ke sa ta kewayawa ba shi da ƙarfi a wurin. Kudancin Tekun Indiya kuwa lokacin guguwarsa daga tsakiyar Nuwamba ne zuwa ƙarshen Afrilu, mu kuma a Oktoba muke ratsa shi. Yankin ba na wasa ba ne in lokacinsa ya yi. Can ne guguwar Idai ta rusa birnin Beira na Mozambik a Maris 2019, can ne kuma Freddy ta yi kwana 36 tana yawo a 2023, abin da ba a taɓa rubuta irinsa ba.

A kan igiyar ruwa ma akwai abin lura. Lambar da Windy ke nunawa, a ce mita 4, ba ita ce mafi tsawon igiya ba. Matsakaicin kashi ɗaya cikin uku ne na manyan igiyoyin, kuma jifa-jifa guda takan taso ta kusa ninka wannan. Wurin da na fi zuba wa ido shi ne gaɓar Afirka ta Kudu, daga Durban zuwa Cape Town, domin ta nan jiragen da ke tasowa daga Chana zuwa Legas sukan kewaya. Haɗarin wurin ba irin guguwar ƙasashe masu zafi ba ne. Iskar hunturunsu ce, wadda ta fi tsanani daga Yuni zuwa Agusta, take koro manyan igiyoyi daga kudu maso yamma, su kuma su yi karo da wani ƙaƙƙarfan kwararon ruwa mai suna Agulhas da ke gangarowa ta gabansu, sai igiyar ta miƙe tsaye. A Yuli da Agustan shekarar ma wasu manyan jirage sun zubar da kwantenoni a wannan gaɓa. Ƙungiyar kamfanonin jiragen ruwa ta duniya ta ce kwantena 576 suka faɗa teku a 2024, alhali 221 ne a 2023, kuma kaso mai yawa a nan ne, tunda rikicin Bahar Maliya ya sa jirage da yawa suka koma bin wannan hanya. Daren da jirginmu ya sake bayyana a taswira kusa da gaɓar, launin ruwan a Windy bai kai ja ba. Na yi alwala na yi nafila raka'a biyu.

A tsakanin nan Hajiyarmu ta ji a rediyo cewa wata mahaukaciyar guguwa, Milton, ta afka wa Florida a Amurka, an kuma ambaci Tekun Atlantika. Ta kira ni hankali a tashe, "Ba nan ne ka ce jirgin naku zai bi ba?" Na kai wa Baba tambayar. Ya ce in gaya wa Hajiya ta kwantar da hankalinta. Guguwar Atlantika, wadda lokacinta ke kamawa daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, a arewacin tekun take, kuma yamma take nufa, wajen Karebiyan da Amurka. Kudancin Atlantika da jirginmu zai hauro ta cikinsa kusan ba ya haifar da ita sam, mashigin Gini ma haka. Sai ya ƙara da abin da ban taɓa ji ba duk tsawon zamana a garin nan. Hadarin gabas da ke taso mana a Agusta da Satumba yana tafe ne a kan wasu igiyoyin iska da ke ratsa Sahel daga gabas zuwa yamma duk bayan kwana 3 zuwa 5. Su wuce ta kanmu, su bi ta Mali, su faɗa teku ta Senegal, wasunsu su zama guguwa a wajen tsibiran Cape Verde. Mafi yawan manyan guguwoyin Atlantika daga irin waɗannan suke samo asali. Ruwan daminarmu kuwa, ya ce, iskar da ke tasowa daga mashigin Gini ce ke ɗauko danshinsa ta kawo har Zazzau. Tun daga ranar na daina ganin teku a matsayin abin da ya shafi mutanen Legas kaɗai.

Jirgin ya tsaya a wata tasha ta maƙwabta ya sauke kaya kafin ya iso Legas a cikin Nuwamba, ya kuma ɗan jira a waje kafin a ba shi wurin tsayawa. Daga nan magana ta bar hannun teku ta koma hannun mutane. Yaya Alhaji ya tafi da kansa. Mun riga mun kai wa banki takardar lodi da takardar farashi ta ƙarshe da jerin kaya da shaidar SONCAP tun jirgi na hanya, don haka PAAR, takardar da kwastam ke ƙiyasta harajin kaya da ita, ta fito da wuri, kuma wannan ya rage mana asara ƙwarai, domin kwanakin da kamfanin jirgi da tasha ke bayarwa kyauta kaɗan ne, in suka ƙare tarar jinkiri ce kullum. Aka biya kuɗin kwastam, aka biya na kamfanin jirgi da na tasha da kuɗin ajiyar kwantena da ake mayar wa mutum in ya dawo da ita, aka buɗe aka duba kaya. Wanda ya yi mana aikin fitarwa ya zo da wasu ƙananan kuɗaɗe da bai ambata ba tun farko, Yaya ya ce kowanne sai da rasit, wasu suka zo da rasit, wasu aka daina maganarsu. Tirela ta biyo ta Ilori da Jebba da Mokwa, ta shigo ta Kwangila a farkon Disamba, hazo ya riga ya sauka. Da aka fasa kwantenar babu kwali ko guda da ya jiƙe. Mun sayar da fiye da rabi kafin lokaci ya ƙure, sauran suka kwana a sito har kaka ta zagayo.

Abin da zan gaya wa mai shirin odar kaya shi ne ya ɗauki kalanda kafin ya ɗauki kuɗi zuwa banki. Yammacin Fasifik ya fi kowane teku a duniya yawan guguwa, wajen 25 ake raɗa wa suna a shekara, kuma mafi yawansu daga Yuli ne zuwa Oktoba. Duk wanda za a loda wa kaya a Guangzhou ko Shenzhen ko Ningbo ko Shanghai a waɗannan watanni, ya ƙara makonni a kan ranar da ejan ya faɗa masa, musamman in Satumba ce, inda guguwa da rububin hutun Oktoba ke haɗuwa. Kada ya yi wa mai saye alkawarin rana sai ya ga takardar lodi da idonsa, domin samun gurbi daban, hawa jirgi daban. In ejan ya ce guguwa ce, minti biyar sun isa a buɗe shafin Tokyo ko na Hong Kong a gani. In tana nan, a yi masa uzuri, a kuma daina zarginsa a gaban mutane, don mutuncinsa ne jarinsa. In kuwa taswira fes take, to a tambaye shi da kyau ina kaya suke. Kuma a tambayi mai inshora harafin da ya rubuta a takarda, a sani cewa ko wanne ne ba zai biya kasuwar da ta wuce ba.

A 2025 mun biya masana'anta tun Afrilu, aka loda a Yuni. Wannan ma da nasa nauyin. Jari ya kwanta watanni ba ya juyawa, ga kuɗin sito, sannan jirgin ya kewaya Afirka ta Kudu a tsakiyar hunturunsu, lokacin da ruwan wurin ya fi muni, don haka inshorar A ba abin da za a yi ciniki a kansa ba ne. Amma injinan suna Sabon Gari lokacin da guguwar Ragasa ta sa Hong Kong ta ɗaga alama mai lamba 10, mafi girma, ranar 24 ga Satumba, ta kuma sauka a lardin Guangdong, aka rufe tashoshin yankin. Maƙwabcina mai sayar da kayan sola yana cikin waɗanda ta tsayar wa kaya, shi ma a kan dakalin nan Baba ya nuna masa taswira.

Masu kayan azumi da na salla lissafinsu ya sha bamban da namu, domin azumi na matsowa da kwana 10 ko 11 duk shekara, yanzu ya shigo Fabrairu. Kayansu za su bar Chana a Nuwamba ko Disamba, lokacin da guguwar can ta yi sauƙi, amma su ratsa kudancin Tekun Indiya a daidai lokacin da tasa ta fara. Guguwar Chido da ta ragargaza tsibirin Mayotte ranar 14 ga Disamba 2024 a wannan yanki ta tashi. Kyaftin ba ya shiga cikinta, yakan rage gudu ne ko ya kauce, kuma kaucewar kwanaki take ƙarawa. Su shafin La Réunion ya kamata su riƙa dubawa, da Faransanci da Turanci yake. In jirgi ya kusato Legas a Disamba ko Janairu kuma, sai su leƙa hasashen NiMet, hukumar yanayi ta Najeriya, don hazon hunturu kan kai har bakin teku ya rage gani.